Shekara huɗu a jami'a, minti 40 a gaban allo

Ɗiyar yayata ce ta kira ni ranar Asabar da daddare, ina zaune ƙofar gida ina fifita da murfin kwali saboda zafin nan namu na Kebbi da ba ya jin lallashi, ta ce Kawu don Allah shawara nake nema, an fara rajistar JAMB kuma ni dai Turanci nake son karantawa, amma wanda ake haɗawa da koyarwa, B.A.Ed ɗin nan, wai ƙawayenta sai dariya suke mata suna cewa wa zai kashe shekara huɗu a jami'a don ya ƙare da ƙurar alli a hijabi. Na ce mata ki ba ni kwana biyu in yi tunani. Ta ce haba Kawu, kai da ka yi kos ɗin, shekara nawa kana koyarwa, wane tunani kuma? Ai kuwa dalilin ke nan. Da ban yi kos ɗin ba da tun a wayar na ce mata je ki Allah ya ba da sa'a.

Ga wanda bai san yadda hanyar take ba, a taƙaice dai, ko ka yi NCE shekara uku a kwalejin ilimi, wadda ita ce mafi ƙarancin takardar da aka yarda mutum ya shiga aji da ita a ƙasar nan, ko ka shiga jami'a kai tsaye ka yi digirin shekara huɗu, ko ka yi yadda na yi, NCE tukuna sannan a ɗauke ka daga aji biyu na jami'a. Wanda kuma ya yi digirin Turanci zalla daga baya rayuwa ta turo shi aji sai ya ƙara da PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri, bayan duk wannan ga rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa tun 1993. Makarantu kam yanzu ba mu da ƙorafi a yankin nan, ga kwalejin Adamu Augie a Argungu, ga ta Maru a Zamfara, ga jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tun 1975, ga na tarayya a Birnin Kebbi da Gusau da aka kafa 2013, kowa ya duba littafin JAMB ya ga wadda ke da kos ɗin da yake so. Ni nawa ba a nan kusa na yi ba, kuma ba zan faɗi suna ba, don abin da zan faɗa duk wanda na zauna da shi cikin abokan aiki, ko ina ya yi karatu, kusan labarinmu ɗaya ne.

Mu 'yan B.A.Ed agola ne a gida biyu. Ka je sashen Turanci su ce ai ku 'yan ilimi ne, ka je tsangayar ilimi su ce ai ku 'yan Turanci ne, tayimtebul ma sai ya riƙa karo da juna ka rasa wace lakca za ka gudu ka bari. A can ɓangaren Turanci an ɗura mana fonetiks, an ɗura mana zanen bishiyar jimla irin ta Chomsky, ka cika shafi guda kana reshe kan reshe a kan jimla mai kalma bakwai, an kai mu wajen Chaucer da Turancinsa na shekara ɗari shida da ko Bature sai da ƙamus, ga Shakespeare. A nan ɓangaren ilimi kuma tarihin ilimi, falsafar ilimi, halayyar yara, gudanar da makaranta. Ba na raina ko ɗaya wallahi, har gobe ina jin daɗin na san su. Amma ainihin abin da zan ci abinci da shi, wato yadda ake koya wa yaron da bai iya Turanci ba Turanci, kos biyu ne kacal a duk zamana, kuma abin dariyar, ranar da aka zo kan dabarar nan ta koyar da harshe ta hanyar sa ɗalibai su yi ta magana da juna, lakcara tsayawa ya yi awa biyu cur yana mana shifta muna rubutawa, ba wanda ya ce uffan sai ƙarar biro. Mun haddace, mun zuba a jarrabawa, na ci B.

Sai TP ta zo, koyarwar gwaji, mako shida. Aka tura ni wata ƙaramar sakandare a wani ƙauye bakin fadama, aji ɗaya. Na kwana ina rubuta lesin not, na ja layi da jan biro, kaya sun sha guga, takalmi sau-ciki sai ƙyalli yake. Na shiga na tarar da yara sun haura 80, wasu a benci wasu a kan buhun taki da suka zo da shi daga gida, suka miƙe gaba ɗaya da murya ɗaya, gud monin sa, wi a hafi tu si yu sa, God biles yu sa. Na ce a raina kai, ashe yaran nan suna da Turanci, mutane ne kawai ke ɓata su. Na saki baki na yi ta zuba kamar mai karanta labarai a BBC, na kai minti 15 ban ja numfashi ba, duk inda na tsaya na ce do you understand sai ajin ya ɗauka, yes sa, har rufin kwano yana amsawa. Can sai na nuna wani yaro a layin gaba, mai wayo a ido, na ce what did you eat this morning? Ya miƙe, ya haɗe ƙafa, ya ce ayam fayin sank yu sa. Na nuna wata yarinya na maimaita tambayar a hankali. Ta sunkuyar da kai ta ce e nawun is e nem of fasin, animal, files o sin. Gumi ya tsattsafo min har cikin takalmin nan.

Akwai wani dattijo da ke riƙe da ajin kafin in zo, ya kusa ritaya a lokacin, takardarsa ta malanta Gired Tu ce ta zamanin UPE, shirin nan na 1976 da aka buɗe firamare ko'ina aka yi ta neman malamai ruwa a jallo. Ashe duk abin nan yana tsaye bakin taga. Da aka kaɗa ƙararrawa ya kira ni gindin dogon yaro, ya miƙo min gyaɗa, ya ce Malam ƙarami, Turancin ga naka ya yi daɗi ƙwarai, ni dai na ji daɗinai, amma ni kaɗai ka koya ma, ni kuwa na riga na iya. Na ce to Baba ya zan yi? Ya ce gobe ka zauna baya ka yi kallo.

Washegari sai ga shi da kwando. A ciki akwai albasa guda uku irin manyan nan na Aliero, da cokali, da kofin roba, da igiya, da silifa ƙafa ɗaya. Bai rubuta komai a allo ba. Ya ɗaga albasa ya ce this is an onion, ya ajiye, ya ɗaga cokali, ya koma kan albasa, sai ya kira yaro ya ce give me the onion, yaron ya miƙa cokali, aji ya fashe da dariya, shi ma ya yi dariya ya ce wa wani zo ka taimake shi. Put the onion on the table. Put the spoon under the table. Give the cup to your friend. Kafin minti 20 yaran nan da jiya na ɗauka bebaye ne sai ga su suna tsalle suna ɗaga hannu, ai sa, ai sa, har ya koma gefe ya bar wata yarinya tana ba sauran umarni, tana cewa fut za onion onda za tebur, kuma ana yi. Ni kuwa ina baya sai na tuna ai abin nan yana cikin handawut ɗina, shafi ɗaya da rabi, dabarar wani Ba'amurke James Asher ta haɗa magana da motsin jiki, na ma amsa tambaya a kanta a jarrabawa. Da na gaya wa Baba sunan sai ya ce to madalla, a gaishe shi, ni dai malaminmu na kwalejin horon malamai na gani yana yi. Ni ina da sunan abu, shi yana da abun.

A wajensa na koyi maganin p da f, wanda duk malamin Turanci a ƙasar Hausa ya san shi ne ciwon kai na farko. Takarda yake yagowa siririya ya ba kowane yaro ya riƙe gaban leɓe, ya ce ku rufe baki ruf sannan ku fasa, pen, in takarda ta yi tsalle ka yi daidai. Wajen f kuma sai ya ce ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa kamar mai jin haushi, ka hura, fan. A jami'a an koya mana sunayen waɗannan sautuka da manyan kalmomi, wane na leɓe biyu ne wane na leɓe da haƙori ne, amma ba wanda ya taɓa ce mana yago takarda. Kuma mu nan yamma namu ya fi na Kano wuya, don Bakano ko ba komai yana da wani abu mai kama da f, mu kuwa yaronmu hura yake sha, hita yake yi, hwarin kaya yake sawa, ka ga ke nan daga p ɗin har f ɗin duk baƙi ne a bakinsa. Wannan ba a littafin da aka rubuta a Landan za ka same shi ba, ba kuma a na Ibadan ba.

Amma kada in yi butulci, akwai wata malama guda a jami'a da har yau nake mata addu'a. Ita ta koya mana kwatanta harsuna, abin da Robert Lado ya yi fice a kai tun 1957, wato ka ɗora harshen yaro kusa da harshen da za ka koya masa, inda suka yi daidai ka wuce da sauri, inda suka saɓa ka san nan zai yi tuntuɓe ka tanadi magani tun kafin ya faɗi. Masana daga baya sun ce ba duk kuskure ne ke zuwa daga harshen uwa ba, kuma gaskiya ne, amma a ajina dai fiye da rabin abin da nake gyarawa da jan biro Hausa ce sanye da rigar Turanci. Aikin da ta ba mu shi ne kowa ya je makaranta ya roƙo littattafan yara ya tsamo kuskure 50, ya bi sawun kowane har gida. Mun yi ta gunaguni a lokacin, ashe shi ne kaɗai aikin da zai bi ni har yau.

Duba dai ka gani. Hausa wasali biyar gare ta, kowane da gajere da dogo, sai ai da au. Turancin Ingila da aka ce mu koyar wasali 20 ne, baƙaƙe 24. To yaron da kunnensa ya saba da biyar ka ce ya rarrabe cap da cup, ko bad da bird, ai sai an yi haƙuri. Amma ta wani gefen Hausar ce ke taimako, don yaronmu ya riga ya san ja da rashin ja suna canza ma'ana, ya san garin da ake zama daban garin da ake tuwo daban duk da rubutunsu ɗaya, to da wannan nake shiga ship da sheep, pull da pool, duk da na san a bakin Bature ba tsawo kaɗai ya raba su ba, amma ƙofa ce, in an shiga a gyara zama. Sannan Hausa ba ta son baƙi biyu su cunkushe a farkon kalma sai ta cusa wasali tsakani, kuma shaidar tana bakinmu kullum, bread ya zama burodi, driver ya zama direba, flour ta zama fulawa, brush ya zama buroshi. Saboda haka in yaro ya ce sukul ko sitiri ba daƙiƙanci ba ne, harshensa ne ke bin dokar da kakanninsa suka bi suka ba mu burodi. Ranar da na fara yi wa yara wannan bayani da Hausa sai da wani ya ce laa, Malam, ashe burodi Turanci ne.

Nahawu ma haka. Mu lokaci a jikin wakilin suna yake, na ci, ina ci, zan ci, nakan ci, shi ci ɗin yana nan daram. Bature kuwa aikatau ɗin yake murɗewa, eat, ate, eaten, shi ya sa yesterday I eat ba zai ƙare a ajinmu ba sai ka nuna wa yaro inda kayan suka koma. Ga ji, kalma ɗaya muna jin magana muna jin wari muna jin sanyi muna jin Turanci, sai yaro ya ce I am hearing smell. Ga sha, mu sha ruwa mu sha magani mu sha rake mu sha wahala, sai ka ga I drink medicine. Mutum zai fita ya ce I am coming, ina zuwa ke nan. Su kuma yaran abin da ke ba su mamaki shi ne you, wai kai da ke da ku duk kalma ɗaya, wata ta taɓa tambayata Malam to yanzu sarki ma you za a ce masa, akuya ma you? Na ce ƙwarai. Ta ce Turawa ba su da kunya. Abin da nake son in ce dai, malamin Turanci a nan in bai san nahawun Hausa ba rabin makaminsa babu, kuma a duk shekarun digirina ba a tilasta mana ko kos ɗaya na Hausa ba, ana ganin ai ka iya tunda da ita aka haife ka. Iya magana daban, sanin yadda injin ke aiki daban, ba duk direba ne bakanike ba.

Sannan wannan suna da ake cewa Turanci harshe na biyu, ni fa a ajina ban cika ganinsa ba. Yaron da ya fito daga ruga Fillanci ne na farko, Hausa na biyu, ya je makarantar allo ya fara da baƙaƙen Larabci, Turanci ya zo na huɗu. Kebbi ai ba Hausa kaɗai ba ce, ga Zabarmawa, ga Dakarkari a ƙasar Zuru, ga Kambari wajen Yawuri, ga Dandawa can Kamba. Na sha karɓar littafin ɗan aji ɗaya in ga ya fara rubutu daga bangon baya, saboda hannunsa ya saba daga dama zuwa hagu. Kuma ko Bahaushen ma, yaron Legas ko Fatakwal yana fita gida yana jin Turanci ko buroka a kasuwa, a mota, a coci, a wajen wasa, namu kuwa in na fita aji bayan minti 40 shi da Turanci sai gobe in Allah ya kai mu, in ma goben ba a tafi yankan shinkafa ba, don lokacin girbi rabin ajina a fadama yake. Masana sun raba tsakanin harshe na biyu da baƙon harshe, wanda ba a jinsa sai a aji, mu kuwa a ƙauyukanmu gaskiya mun fi kusa da baƙon harshen nan, amma manhaja ɗaya littafi ɗaya jarrabawa ɗaya da ɗan Ikeja. Inda kawai na samu Turanci yana yawo da ƙafarsa a garinmu shi ne gidan kallon ƙwallo, yaron da ba zai iya ce maka ina kwana da Turanci ba ya san corner, ya san offside, ya san what a goal, shi ya sa darasin past tense, wato lokacin da ya wuce, nake yinsa ranar Litinin da wasan Asabar, who scored, who missed, who won, nan za ka ga har na bayan aji sun farka, sai dai ka yi rabon faɗa tsakanin 'yan Arsenal da 'yan Chelsea.

Maganar banakula kuwa, wato a sa monita ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a ci shi tara ko a zane shi, ni ma an yi min ina yaro, kuma da na fara aiki na yi wa wasu, Allah ya yafe min. Abin da na lura shi ne ba Turanci take koya wa yaro ba, shiru take koya masa. Wani lakcara ya taɓa ce mana duk malamin da ya yi Hausa a ajin Turanci ya ci amanar aikinsa, na riƙe wannan magana shekara biyu ina wahalar da kaina ina wahalar da 'ya'yan mutane. Yanzu kam ina yin Hausa, amma kamar gishiri a miya, in ba da umarni mai wuya ko in warware wani ƙulli cikin minti ɗaya maimakon in yi ta zagaye minti goma, sannan mu koma Turanci. Haɗarin shi ne malamin da zai karanta layi ya fassara, ya karanta layi ya fassara, yara su gane ai ba sai sun saurari Turancin ba tunda fassara na tafe. Sanin inda za ka tsaya tsakanin waɗannan biyun shi ne ainihin sana'ar, kuma shi ne ba a zauna an koya mana ba.

Gwamnati ma kanta ba ta tsaya waje ɗaya ba. Tun manufar ilimi ta 1977 aka ce shekarun farko na firamare a koyar da harshen uwa ko na yankin, Turanci ya zama darasi, daga baya ya karɓi ragama. Kafin nan ma Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajinsa a Ife a 1970, aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, kuma abin da mutane ke mantawa in suna kawo wannan misali shi ne an tanadi malami ƙwararre na musamman da ke koya wa yaran Turanci a matsayin darasi. A ƙarshen 2022 minista Adamu Adamu ya sanar da cewa harshen uwa ne duk shekara shidan firamare, sai kuma a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya ce an soke, an koma Turanci tun daga tushe. Kowa da ra'ayinsa, ni nawa shi ne yaro ya fara iya karatu da harshen da yake mafarki da shi, amma ko wanne aka zaɓa ai mutum ne zai shiga ajin ba takarda ba. Kuma in an ce komai da Turanci, to malamin lissafi na aji biyu a firamaren ƙauye ya zama malamin Turanci ke nan ko yana so ko ba ya so, shi kuwa ko kos biyun nan da nake rainawa bai samu ba.

Ga kuma jarrabawa da ke jan akalar kowa. A WAEC akwai takardar da ake kira ta furuci, tambaya 60, amma daga farko har ƙarshe ba wanda zai buɗe baki, fensir ne kawai, ka zaɓi kalmar da sautinta ya yi daidai da wadda aka ja wa layi. Na ga yaron da ya ci wannan takarda da kyau amma in baƙo ya tsayar da shi a tasha ya tambaye shi hanya da Turanci sai ya nemi wajen ɓuya. To malami ya zai yi, firinsifal kiredit yake so, iyaye kiredit suke so, don babu shiga jami'a sai da shi, dole ka ajiye kwandon albasa ka ɗauko tambayoyin shekarun baya. Kuma wane Turancin ma muke kamowa? An horar da mu kan lafazin Ingila da ko lakcarorin ba da shi suke magana ba, alhali a Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford da kansa ya shigar da kalmomin Turancin Nijeriya 29, har da okada da Kannywood. Ni dai burina yaro ya yi magana a gane shi a Inugu a gane shi a Akara, pan ɗinsa kada ya zama fan, sauran kuma ado ne.

Wani abokina da ya yi aiki a waje ya ba ni labarin kos ɗin nan na Cambridge da ake kira CELTA, wata ɗaya ne in ka yi shi a jere, wajen awa 120, amma a ciki sai ka koyar da ɗalibai na gaske awa shida ana zaune ana kallonka, duk darasi in ka gama a zauna da kai a feɗe shi daga kai har ƙafa, a ce a nan ka cika surutu, a nan ka tambayi do you understand maimakon ka gwada su. Kuɗinsa ba na irinmu ba ne, kuma wata ɗaya ba zai maye shekara huɗu ba, amma ka kwatanta da TP ɗina, sufabaiza sau ɗaya ya zo, ya zauna minti goma, ya duba ko na sa kwanan wata a lesin not, ya ce rubutuna a allo yana gangarawa, ya sa hannu ya hau mota. Ban ma ga laifinsa sosai ba, makarantu nawa aka jibga masa, ga hanya ba kyau ga rana. Sai dai da za a tambaye ni, da na ce a rage bishiyar jimla kaɗan, a kai ɗalibi aji tun shekararsa ta farko, ko share allo ne ya riƙa yi yana kallon irin su Baba, a kuma ɗauki irin waɗannan dattawa a biya su su zama su ne masu duba 'yan gwaji, tunda su kullum suna nan.

Mutane suna son tura bidiyon nan na Tafawa Ɓalewa a Amurka a 1961 suna cewa ku ji Turanci, ina ma yanzu. Ai malamin makaranta ne, kwalejin Katsina ta horar da shi, wadda aka buɗe farkon shekarun 1920 don samar da malamai, Sardauna ma can ya yi, Shehu Shagari ma alli ya riƙe har a nan Argungu. Amma a tuna su 'yan ƙalilan ne aka tsamo daga duk lardunan Arewa aka killace su shekaru ana goge su, ba yara 80 kan buhun taki ba. Maganar albashi kuwa a bar kaza cikin gashinta, na dai gaya wa ɗiyar tawa gaskiya ban rage ba.

Jiya na kira ta. Na ce ki cike kos ɗin in har ranki na so, kuma 'yan mata a ƙauyukanmu suna buƙatar malama mace fiye da yadda kike zato, akwai gidajen da saboda ke kaɗai za su bar yarinya ta ci gaba da zuwa. Amma da sharaɗi biyu, duk inda kika ga kos ɗin Hausa cikin na zaɓi ki ɗauka, sannan duk hutu ki zo ki zauna bayan ajina. Ta ce Kawu ai ba sai hutu ba, yanzu ma zaman gida nake. Na ce to Litinin ƙarfe takwas, zan ba ki minti goma na ƙarshe ki raba musu borrow da lend, don har yanzu borrow me your biro suke ce min, ara min ɗin nan ce ta ƙi fita. Ta ce wane littafi za ta karanta kafin ranar. Na ce ba littafi, ki dai zo da biro biyu da kofin roba, albasa akwai a gida.